Ranar da Aka Ɗauke Wuta a Jidda

Abin da na fara koya a Jidda shi ne fasfo ba na mai hoton ba ne. Ban gama gyara wa jakata zama a kafaɗa ba wani mutum mai tumbi da agogon zinare ya miƙo hannu. Na ɗauka gaisawa za mu yi, na ba shi nawa hannun. Ya girgiza kai. Ya karɓe fasfona, ya karɓe na dattijon da ke bayana, ya ɗaure su da roba kamar mai ɗaure alayyafo, ya jefa aljihu. Shi ne Mudir, wato manajan kamfanin da ya ɗauko mu. Na san sunansa na yanka, amma bai cancanci tawada ba.

Kafin wannan tafiya ni malamin kimiyya ne. Shekaru na yi ina koya wa yaran wata sakandare a ƙasar Kiru yadda lantarki ke tafiya cikin waya, a ajin da ko ƙwan fitila babu. In an tashi sai in bi shaguna, daga Yako har Bebeji, ina ja wa mutane waya, don alli ba ya cika tukunya. A tsakiyar shekarun 1990 wani dillali a Kano ya ce ana neman injiniyoyin lantarki a Saudiyya. Ban taɓa ɗaukar kaina injiniya ba, amma na duba taswira na ga Makka tana gab da Jidda. Dukan lissafina ke nan: in yi aiki, in sauke farali, in dawo gida.

Dattijon da ke bayana kuwa Baffa Gide ne, Bafulatani daga gefen dajin Falgore. Tun da ciwon bushiya ya share masa garke ya koma gadi a Tudun Wada, a shagon wani mai ƙanƙara. 'Yan shanun da ya farfaɗo da su a hankali, su ya sayar ya ba dillali. Bai san ja daga baƙi ba a harkar waya, amma a takarda an rubuta shi mataimakin injiniya.

A mota ya taɓo ni ya ce, "Kaɗo, me aka ce ni ne?"

Na ce, "An ce kai mataimakina ne, Baffa."

Ya ce, "Allah ya kyauta. Duniya ta zo ƙarshe, Bafulatani zai yi wa Kaɗo kiwo."

Akwai wata takarda da ake kira igama, izinin zama a ƙasa. In babu ita ba ka wuce shingen da ke kan hanyar Makka, ko da kuwa ka haddace littattafan fiƙihu kaf. Mudir ne zai nema mana ita, shi ne kuma zai riƙe. Duk ranar da na tambaye shi sai ya ce, "Bukra." Gobe ke nan. Na yi karatun Larabci a zaure gwargwado, amma sai a Jidda na gane akwai goben da ba ta cikin kalanda. Daga baya ya tara mu ya yi magana ɗaya: ranar da aka miƙa ɗakin na'urar da aka kawo mu haɗawa ga masu shi ba tare da tangarɗa ba, kowane Musulmi a cikinmu zai karɓi igamarsa, kuma motar kamfani za ta kai shi aikin Hajji. Wanda ya jawo matsala, jirgi. Wannan alkawari muka rataya a wuya kamar laya.

An sauke mu a wani ɗaki a saman bene, mu da 'yan Pakistan da wani ɗan Sudan mai minshari kamar injin niƙa. A nan na fara sanin halin wutar garin. A bango ɗaya za ka ga soket biyu kamar tagwaye, ɗaya mai ƙarfin 127, ɗaya 220, kuma ba wanda aka rubuta wa suna a goshi. Na jona hitata a ɗaya, ruwan shayi ya ƙi tafasa har na idar da sallah da lazimi. Maƙwabcina ya jona rediyonsa a ɗayan, rediyon ya yi tari sau ɗaya, ya bar duniya da hayaƙi. Baffa Gide ya dube mu ya ce shi dai a rugarsu wuta iri ɗaya ce, kuma kowa ya san inda take.

Abincin ba laifi, sai dai shinkafa ce da safe, shinkafa da rana, da dare kuma a sake mata suna. Kewar gida ba ta kama ni a zuciya ba, a harshe ta kama ni. Wata Juma'a muna yawo cikin tsohuwar unguwa sai hancin Baffa ya tsaya cik, ƙafafunsa suka bi. Wata tsohuwa ce ke suyar waina a bakin lungu. Da na ce mata daga ƙasar Kiru nake, sai ta ajiye cokali. Ta ce mahaifinta mutumin Bebeji ne, da ƙafa ya taho tun zamanin da ake ratsa Sudan, ita kuwa a nan aka haife ta, ba ta taɓa ganin garin ba. Hausarta irin ta kakanninmu ce, wadda ba a sa mata Turanci ba. Ta tambaye ni ko har yanzu dawar Bebeji tana fin mutum a kan doki tsayi, kamar yadda mahaifinta ke faɗa. Na ce tana fi. Ban ga dalilin rage wa mamaci dawarsa ba.

Ta ƙulla mana daddawa da kuka a leda, ta ƙi karɓar komai. Ta nuna gabas da haɓa ta ce, "'Ya'yana, Ɗakin Allah yana nan bayan duwatsun can. Kun je?"

Muka ce ba mu je ba tukuna.

Ta ce, "Ubana ya taka daga Bebeji ya je. Ku ga shi a bakin hancinku. Allah ya isar muku."

Wurin aikin wani kamfanin fiton kaya ne kusa da tashar jiragen ruwa. Duk kwantenar da ta shigo ko ta fita, da mai ita da inda za ta, suna so a adana a na'ura. Ɗakin na'urar ba taga ko ɗaya, sanyinsa kuma har cikin ƙashi. Daɓen ma na yaudara ne: fale-fale ne da ake ɗagawa, a ƙarƙashi akwai rami inda wayoyi ke bi. A tsakiya aka kafa wata kanta ta ƙarfe, ta fi ni tsayi, suna ce mata rak. A cikinta ake jera akwatuna hawa-hawa, kowane akwati cike da faya-fayan da ke juyawa dare da rana. Rumbu ne dai, sai dai abin da ke ciki ba ya ciyuwa, kuma ɓeransa shi ne ɗaukewar wuta.

Mai kula da na'urar a ɓangaren masu ɗakin wani ɗan Filfin ne, Raman, gajere mai yawan murmushi. Da ya ga ina karanta rubutun da ke bayan akwatunan maimakon in yi ta kallonsu kamar gunki, sai ya fara zama da ni a lokacin cin abinci. Shi ya nuna mini abin da littafin ajinmu bai faɗa ba. Kowane akwati yana da igiyar wuta biyu, ba don ado ba. Ɗaya za ta sha daga layin gari, ɗaya daga wani ƙaton injin batir da ke ɗakin gefe, kowanne da nasa fis, yadda in ɗaya ya mutu ɗayan zai riƙe. Sai ka tara abin da akwatunan ke ja gaba ɗaya, ka zaɓi wayar da kaurinta ya fi ƙarfin kayan, ka bar rara. Ba a kunna su lokaci guda, domin faifai in zai tashi daga barci yana jan wuta fiye da yadda yake ja in ya miƙe da gudu. Daga ƙasa ake farawa, hawa bayan hawa. Koriyar waya dole ta tafi ƙasa daga jikin ƙarfen kansa. Wayoyin bayanai kuwa, masu kaurin babban yatsa, ba a lanƙwasa su da ƙarfi, ba a ƙara musu tsayi, kuma ba a haɗa musu hanya da wayar wuta. Ta wuta ta bi dama, ta bayanai ta bi hagu.

Na fassara wa Baffa. Ya saurara ya ce, "To ai wannan tatsa ce. Wa ke sakin maruƙa gaba ɗaya? Ɗaya-ɗaya ake kwance su daga dangwali."

Kuma gaskiya ɗaurin wayarsa ya fi nawa kyau. Mutumin da ya yi shekaru yana tufka igiya ba ya barin waya ta harɗe.

Sai ka zo kan filogi, kuma a nan rigimata da Mudir ta fara. A zanen da masu ɗakin suka bayar, filogin rak ba irin na gida ba ne. Wani ƙato ne mai makulli, sai an tura an murɗa yake zama, a ƙarƙashin daɓe, kuma bayan rak ɗin akwai ƙofa mai mabuɗi. Manufar a fili take: kada wani ya zare da hannu, ko da gangan ko da tuntuɓe. Wata safiya Mudir ya shigo da kwali cike da jona irin ta kasuwa, wadda ake jona fanka da talabijin, ya ce a ɗaura su a bayan rak. Masu makullin, in ji shi, suna kan teku. Ƙofar bayan ma tana kan teku. Tekun nan na Mudir ya ci kaya da yawa.

Na ce, "Mudir, wannan ba shi ne a zane ba."

Ya ce, "Wuta tana shiga ko ba ta shiga?"

"Tana shiga. Tana kuma fita da zarar wani ya ja."

"Wa zai ja? Nan ba ƙasarku ba ce. Nan mutane suna da hankali."

Na ajiye sukundireba a kan kwalin na ce hannuna ba zai ɗaura ba. Ya dube ni kamar akuya ta yi masa sallama. Ya ce, "Kai malamin makaranta ne, ko? To zan kai ka inda za ka koyar da rana."

Ya sa wasu suka ɗaura, suka rufe da wani labulen roba, Raman kuma yana can wani reshe a lokacin. Ni kuwa aka mayar da ni rufin benen, ina jan kebul na injinan sanyaya ɗaki. Na san zafin bazara a ƙasar Kano, na yi noma da azumi a bakina. Amma zafin Jidda da danshi yake zuwa, kamar an rufe ka cikin madambaci. Ƙarfe ba ya taɓuwa. Tafin hannuna ya sale, ya warke, ya sake salewa. Daga can sama ina hango titin Makka, motoci na bin sa kamar jerin tururuwa, ni kuwa ina jan waya. Kullum da azahar Baffa zai hauro da gorar ruwan sanyi a ɓoye cikin riga.

"Kaɗo, ka ba mutumin nan haƙuri mana. Taurin kai ba sunna ba ne."

"Baffa, in na yi laifi zan bayar."

"Ku 'yan boko ke nan. Sai ku tsaya gardama da kura a kan ko tana da lasisin cin akuya."

Da watan Hajji ya ƙarato aka kawo rak na biyu, kuma ba mai iya karanta zanen sai ni, don haka aka sauko da ni ba tare da kowa ya ba kowa haƙuri ba. Rak na farko ya riga ya fara aiki, ana ta zuba masa bayanai, saura bikin miƙawa kawai.

Yanzu sai na yi wa wanda bai zauna a ƙasarmu ba bayani, in akwai shi cikin masu karatu. A wurinmu ɗauke wuta ba ita ce masifa ba, dawo da ita ce. Takan dawo da haushi ta ƙone duk abin da ta tarar a jone. Saboda haka da zarar an ɗauke, yaro da babba kowa sai ya zabura ya zare filogi. Baffa kuwa wannan shi ne ainihin aikinsa a shagon mai ƙanƙara. Ɓarawo bai taɓa zuwa ba, amma wuta kullum sai ta tafi. Sau ɗaya ya yi jinkiri firiza ta ƙone, mai shagon ya ci masa mutunci a gaban 'ya'yan cikinsa. Daga ranar hannunsa ya daina jiran izinin kansa.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Mu biyu ne a ɗakin. Ni ina kwance rabin jikina cikin ramin daɓe ina jan kebul, Baffa yana bayan rak yana miƙo mini. Ashe a waje wani mai haƙa titi ya tsinke babban layi. Fitilu suka mutu ɗif. Tun zuwanmu garin ba mu taɓa ganin haka ba. Injin batir ya fara ƙara, ƙit, ƙit, ƙit, alamar ya karɓi aiki. Ƙananan fitilu kore na jikin akwatunan suna ta ƙyaftawa lafiya lau. Komai yana tafiya yadda aka tsara.

Sai na ji Baffa ya ce, "An ɗauke!"

Na ji ƙarar labulen roba. Na ji fat, fat, fat, kamar ana tuge gyaɗa a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na ƙwala ihu, "Baffa, kar ka taɓa!" Kaina ya bugi ƙarfe. Kafin in fito daga ramin fitilun kore sun mutu daga sama har ƙasa. Na ji faya-fayan suna rage gudu, wani irin kuka mai sauka a hankali, har ɗakin ya yi tsit.

Cikin duhu ya ce, yana haki, da muryar wanda ya ceto yaro daga rijiya, "Na cire duka, Kaɗo. Ko guda ban bari ba. In sun dawo da ita ba abin da za ta samu."

Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci guda kamar ranar ba. Na lalubo hannunsa na janye shi zuwa bakin ƙofa. Na ce, "Baffa, saurara. Wannan abin ba a cire masa wuta yana tsakiyar rubutu. Batirin nan don haka aka saye shi. Ka kashe shi."

Can ya ce, "Innalillahi. Shanuna."

Bai ce na'ura ba, bai ce Mudir ba. Shanun da ya sayar ya tuna.

Na ce, "Ko wa ya tambaye ka, ba ka jin Larabci, ba ka jin Turanci, Hausar ma ta gudu. Ka ji ni?"

"Ni na yi. Zan faɗa."

"Kai ka sayar da shanu ka zo. Ni alli na ajiye, kuma yana nan inda na bar shi. In ka buɗe baki, wallahi na fasa yi maka kiwo."

Raman ya shigo da tocila a guje, ya haska bayan rak, ya ga filogi zube a ƙasa kamar an yi ɓarin wake. Ya daɗe yana haska jonar kasuwar nan. Sannan muka mayar da su ni da shi, da aka dawo da wuta muka kunna daga ƙasa, hawa bayan hawa. Yawancin bayanan sun dawo daga kaset ɗin ajiya, amma na safiyar ranar sun lalace. Manyan motoci suka yi layi a bakin tasha ba a san kwantenar wa za a ba wa ba. Masu ɗakin suka ce sai an ba su kan mutum ɗaya.

Kafin zaman binciken da aka sa, Mudir ya ja ni gefe. Ya buɗe aljihun tebur ya ciro igamata. Ashe ta daɗe da fitowa. Ga hotona nan, da kunnuwana a baje. Ya ajiye ta a gabana ya ɗora yatsa a kai.

Ya ce, "Na san ba kai ba ne. Kai ka san aiki. Tsohon nan ba ya amfana mini komai. Ka ce shi ne, ka ɗauki wannan, ka shiga mota da sauran. Kalma ɗaya."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na kalli takardar nan. Na tuna titin da nake hangowa daga rufi. Tsakanina da Arfa kalma ɗaya, kuma kalmar ma gaskiya ce. Da ƙarya ya nema da abin ya zo da sauƙi. Amma na yi tunanin in tsaya a gaban Ubangiji da harami a jikina, alhali kuɗin motata dattijo ne da na miƙa, sai na ji ban san da wane baki zan yi talbiyya ba.

Na ce, "Ba zan nuna kowa ba."

"To kai ne ke nan."

"Rubuta abin da ka ga dama. Alƙalamin naka ne."

A zaman akwai wani babba daga masu ɗakin, dattijo mai farar jallabiya, da Raman a gefensa. Baffa yana tsugune a bakin ƙofa ya zama kurma, kamar yadda na umarce shi. Mudir ya yi jawabi mai tsawo a kan wahalar aiki da mutanen da ba su waye ba. Da ya gama, babban ya juyo gare ni ya tambaya da Turanci wa ya cire.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mu biyu ne a ɗakin, kuma ba zan ce komai a kan wannan ba. Amma akwai tambayar da ba a yi ba."

Ya ce in yi ta.

"Kun sayi batir mai girman ɗaki don kada na'urar nan ta rasa wuta. Ta yaya mutum ɗaya, cikin duhu, da hannu tsura, ya raba ta da wuta kafin a ce kwabo? Filogin da ke zanenku ko da rana sai an ɗaga daɓe an murɗa. Ƙofar da ke zanenku mabuɗi gare ta. A je a duba abin da ke bayan rak ɗin, sannan a tambayi wanda ya sayo."

Mudir ya miƙe yana zagina da Larabcin da ba a koyar da shi a zaure. Babban ya dubi Raman. Raman ya sa hannu a jaka ya ciro jonar kasuwar guda ɗaya ya ajiye a kan tebur.

Kada mai karatu ya zaci a nan gaskiya ta yi halinta aka ɗaga hannuna. Masu ɗakin suka tilasta wa Mudir ya sake aikin daga aljihunsa, kuma abin mamaki sai tekun ya amayo filogi masu makulli da ƙofa cikin 'yan kwanaki. Amma ni ba ma'aikacinsu ba ne, na Mudir ne, kuma fasfona yana aljihunsa. Sun nemi kai ɗaya, ya ba su nawa. A wajensa ma an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ba a bar ni na koma wurin tsohuwa mai waina na yi sallama ba, abin da har yau yake ci mini rai. Raman ya zo har masauki ya ba ni ɗan mitansa na gwada wuta, ya ce in riƙe, ya rungume ni kamar ɗan'uwa. Baffa ya riƙe jakata ya ƙi saki har bakin mota. An ba shi da sauran ma'aikata igamarsu da safiyar nan, tasa tana aljihun gaba ya danne ta da hannu ɗaya.

Ya ce, "Kaɗo, me zan ce wa Allah a kanka?"

Na ce, "Ka ce masa ina nan tafe. Kuma Baffa, in an ɗauke wuta a Mina, don Allah ka zauna a kan hannuwanka."

Ya yi dariya hawaye na zuba cikin gemunsa.

A filin jirgi Mudir ya miƙo mini fasfona ta tagar mota, bai fito ba. Ni ina shiga, alhazanmu suna fitowa, garke-garke, da jakunkuna iri ɗaya, ana ta kiran sunayen ƙananan hukumomi. Na ji an kira Doguwa, na ji an kira Tudun Wada. Duk duniya ta nufi gabas, ni kaɗai na nufi yamma. A jirgi kujeru sun yi mini yawa, na kwanta a kan uku na yi barcin da ban yi ba tun zuwana.

Daga Kano na shiga mota, na sauka a Kwanar Ɗangora da yamma, na hau babur zuwa Yako. Kafin in wanke ƙafa labari ya zaga gari, zaure ya cika. Wasu har sun fara "Alhaji, barka da sauka," sai lissafi ya kama su: ba a hau Arfa ba tukuna. Murya ta yi ƙasa. Aka kawo fura. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ba ya kewaye-kewaye, ya kori yara ya gyara zama.

"Kai, ba a dawowa daga Makka ana jibi Sallah. Koro ka aka yi?"

"Koro ni aka yi, Kawu."

"Sata?"

"A'a."

"Ka dai ga Ɗakin Allah?"

"Ban gani ba."

Zauren ya ɗauki salati. Wani daga baya ya ce an je bakin rijiya an dawo da ƙishirwa. Na ce masa haka ne, kuma gugan nawa ne, ba na aro ba.

Kawu ya ce, "To me ka yi musu?"

"Wani ne ya yi kuskure, aka ce in nuna shi a ba ni Hajji. Na ƙi."

Sannan ya turo mini ƙwaryar furar, ya matso, ya rage murya yadda duk zauren zai ji.

"Ɗan ƙasar nan ne? Wane ne?"

Na sha furar sai da na ga gindin ludayi. Na ce, "Kawu, mai igama a hannu ya tambaya bai samu ba. Kai da ƙwaryar fura za ka samu?"

Ku ma da kuka biyo ni har nan, Gide ɗin da na ba ku ba sunansa ba ne.